Kwana Biyar a Tarifa, Inda Tsuntsaye Ke Tsallaka Teku

Ni mutumin Nguru ne, a bakin fadama na tashi. Duk wanda ya yi yarinta a can ya san da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai ruwa ya cika da tsuntsayen da ba na garin ba: ƙananan agwagin ruwa masu tashi tare kamar hayaƙi, da masu dogayen ƙafafu da ke yini suna tsattsagar laka. Kafin zafin bazara ya kankama sun ɓace. Ban taɓa tambayar inda suke zuwa ba, kuma ban ji wani babba ya tambaya ba. Mu dai yara danƙo muke ɗauka mu bi su.

Karatu ne ya kai ni Rabat, babban birnin Maroko. Wata rana ina hira da wani malaminmu a kan fadamar garinmu, sai ya ce in ina son ganin ƙarshen labarin tsuntsayen nan, in je mashigin Jibralta, siririn tekun da ya raba Maroko da Sifaniya, a watan Afrilu, in tsallaka zuwa wani ɗan gari na Sifaniya da ake kira Tarifa, in zauna a bakin ruwa in ɗaga kai sama. Shi ne ma ya ara mini madubin hangen nesa. Bayan ƙaramar Sallah, ƙarshen Afrilu, na kama hanya.

Biza ce ta fi cin lokaci. Yuro 90 ne kuɗin neman bizar Shengen, wato ta shiga yawancin ƙasashen Turai, ban da inshorar lafiya, da takardar makaranta, da shaidar masauki, da tikitin dawowa. Mako uku na yi ina jira. Tafiyar kanta kuwa ba wuya. Na hau jirgin ƙasan nan mai gudu, Al Boraq, wanda aka buɗe a 2018, daga tashar Agdal ƙarfe 8 na safe, a kan dirhami 170. Awa ɗaya da minti 20 sai ga mu a Tanja. A hanya, wajajen Kenitra, na riƙa hango sheƙunan farar shamuwa a kan turakun lantarki, manya-manya kamar an ɗora damin kirare.

Wanda zai bi wannan hanya ya kula, tashoshin jirgin ruwa biyu ne a Tanja. Akwai babbar, Tanja Med, can gabas da gari fiye da kilomita 40, ita ce ta manyan motoci da masu zuwa birnin Aljeziras na Sifaniya. Jirgin Tarifa kuwa a tashar cikin gari yake tashi, dab da ganuwar tsohon birni. Na biya kusan Yuro 40, aka buga mini tambarin fita, aka wuce da jakata ta na'ura, na shiga. Daga saman jirgi ana ganin duwatsun Sifaniya ƙarara, har da fararen fankokin lantarki a jere a kansu. Inda mashigin ya fi matsewa kilomita 14 ne kawai tsakanin Afirka da Turai. Sai dai ganin Dala ba shiga birni ba ne, kuma sai da na kwana uku a can na gane nauyin wannan magana a wurin tsuntsu.

Awa ɗaya muka yi a kan ruwa. A tashar Tarifa layi biyu ne, na 'yan Turai da na sauranmu. Da na zo gaban jami'in, ya juya fasfona, ya dubi biza, ya nemi takardar masauki da tikitin komawa, sannan ya tambayi abin da ya kawo ni. Na ce kallon tsuntsaye. Ya ɗago ya dube ni, ya dubi madubin da ke rataye a wuyana, ya yi murmushi, ya nuna sama da yatsa ya ce gobe iska za ta hana, in yi haƙuri zuwa jibi. Ya buga tambari. Na fito ina mamaki, garin da har mai duba fasfo ya san ranar da tsuntsu zai tsallaka da ranar da ba zai tsallaka ba.

Garin ƙarami ne, fari fat, lungunansa matsattsu kamar na cikin birnin Kano, sai dai an shimfiɗe su da duwatsu. Daga tashar jirgi ana fita sai mutum ya yi karo da wata tsohuwar ganuwa mai kauri. Halifa Abdurrahman na Uku, mai mulkin Ƙurɗuba, shi ya sa aka gina wannan sansani a shekarar 960. Sunan garin ma daga Ɗarif bin Malik ya samo asali, wanda ya sauka a nan da 'yan mayaƙansa a shekarar 710, shekara guda kafin Ɗariƙ bin Ziyad ya tsallako, shi kuma aka sa wa dutsen Jibralta sunansa, Jabal Ɗariƙ. A 1292 garin ya koma hannun sarakunan Kastila. Yanzu a ramukan wannan ganuwa wasu ƙananan shahuna ne ke sheƙa, namijin mai shuɗin kai da jan baya. Su ma a yankinmu na Sahel suke cin rani, suna farautar fara.

Na sauka a wani gidan baƙi mai rahusa, Yuro 28 kwana ɗaya, gadaje shida a ɗaki, masu hawa biyu. Abokan ɗakina duk samari ne da suka zo wasan zamiya a kan teku da wata irin lema da iska ke ja. Abinci ne ya fara ba ni wahala. Naman alade yana ko'ina, cinyoyinsa a rataye a shaguna, har cikin miyar da ba ka zata ba. Na tsaya a kan kifi, da wainar ƙwai da dankali, da burodin safe da ake shafa wa tumatir da man zaitun. Daga baya na gano wani shagon 'yan Maroko inda nake samun miyarsu ta harira da naman kaza hankali kwance. Sannan ga lokaci. Agogonsu yana gaba da na Maroko da awa ɗaya, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 9 na dare. Da rana tsaka a rufe shaguna, abincin dare kuma ba a fara shi sai bayan magariba. Na yi sallar magariba a saman soron gidan, tsattsewa ɗaruruwa suna ta shawagi a kaina suna tsuwa, ga fitilun Tanja can tsallake sun fara kamawa.

Maganar jami'in ta tabbata. Cikin dare iska ta taso daga gabas, wadda suke kira Lebante. Na san iskar hunturu, na san guguwar farkon damina, amma wannan daban ce. Ba ƙura, ba hadari, sama garau, amma iska tana tura mutum kamar hannu. Tagogi suka kwana suna kaɗawa. Da safe na je ofishin masu fita da mutane kallon dabbobin teku, aka ce ba fita, sai abin da hali ya yi. Sai na bi wata siririyar hanya da ta haɗa garin da wani ɗan tsibiri. A tsakiyarta akwai alluna biyu, ɗaya ya ce Bahar Rum, ɗaya ya ce Tekun Atalantika. Ruwan hagu da na dama ne. Wannan tsibiri shi ne ƙarshen kudancin ƙasar Turai. Rairayi yana dukan fuska kamar allura, ban iya daɗewa ba.

Na gangara gaɓar da ake kira Los Lanses, doguwar gaɓa mai farin yashi, inda aka gina wata rumfar katako mai ƙananan tagogi don a kalli tsuntsaye ba tare da an firgita su ba. A can na tarar da wasu dattawa biyu, miji da mata, 'yan ƙasar Holan, sun kai shekara 70. Suka matsa mini, mijin ya ce in leƙa ta babban madubinsa mai ƙafa uku. Na leƙa, sai ga 'yan tsuntsaye ƙanana sun lafe a bayan tudun yashi, kowanne ya juya ƙirjinsa ga iska. Na san wasunsu. Ban san sunansu ba, amma na san tafiyarsu, wannan gudu-gudu da tsayawa cak, irin wanda nake gani a bakin ruwan Nguru. Da na faɗa wa dattijon, sai ya buɗe wani littafi ya nuna mini taswira. Ya ce yawancin na fadamarmu ba ta nan suke bi ba, su masu kaɗa fiffike ne, kai tsaye suke yanke hamada su tsallaka ta wajen Tunisiya da Italiya. Masu bi ta Tarifa su ne manya masu shawagi, kuma gobe zan ga dalili. Tun daga ranar nake kiransa Baba, matar kuma Mama. Na yi musu bayanin cewa a wurinmu ba a kiran sa'an mahaifi da sunansa. Mama ta ji daɗin abin ƙwarai.

Su ne suka ja ni wani wurin ajiye motoci a gefen tsohon gari, inda muka tarar da mutum biyar ko shida sun zuba wa wasu bishiyoyi ido. Wai a nan ne a 2013 wani tsuntsun Afirka ya yi sheƙa, karo na farko da aka san irinsa ya hayayyafa a Turai, kuma tun daga lokacin ake zuwa nemansa daga ƙasashe. Baba ya nuna mini hotonsa. Bulbul ne, ɗan tsuntsun nan mai baƙin kai da ruwan ƙasa-ƙasa da ke tashinmu da asuba a kan bishiyar darbejiya, wanda ke ɓata mana gwaiba. Mun yi kusan awa ɗaya ba mu gan shi ba. Babu wanda ya yi tsaki a cikinsu. Na tsaya ina kallon mutanen fiye da yadda nake kallon bishiya.

Da yamma na haɗu da wani ɗan Senegal mai sayar da tabarau da huluna. Muka gaisa da sallama, muka ci gaba da Faransanci. Shi ya gaya mini cewa a maƙabartar garin akwai kaburburan da ba suna a jikinsu, na mutanen da teku ta turo. A wannan gaɓa ta Los Lanses da na yini, a ranar 1 ga Nuwamban 1988, aka tsinci gawar wani matashi ɗan Maroko, wadda ake ɗauka ita ce ta farko da aka rubuta cikin masu ƙoƙarin tsallakowa a ƙananan kwale-kwale. Tun daga nan ba a daina ba. Ya nuna mini jirgin ceto mai ruwan lemo da ke ɗaure a tasha. Muka yi musu addu'a a tsaye. Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Rana ta uku iska ta lafa, sai ɗan abin da ba a rasa ba daga gabas. Na bi hanyar ƙafa ta gabashin gari, tafiyar kamar minti 30, zuwa wani tudu da ake kira Punta Kamoro. Ƙasa kore shar, furanni ja da rawaya ko'ina, domin lokacin da muke fama da zafin bazara su lokacin ne sanyi ke sakinsu, ciyawa ke tohowa. A gabana dutsen Jabal Musa na Maroko, mai tsayin mita 851, kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Mutane sun kai 30, kowa da madubinsa, kowa ya fuskanci Afirka.

Har ƙarfe 10 babu komai. Wata matashiya 'yar Sifaniya da ke zaune a kujerar tafi-da-gidanka, da takarda a cinyarta, ta yi mini bayanin jiran. Manyan tsuntsaye irin su shirwa da mikiya da shamuwa ba da ƙarfin fiffike suke tafiya mai nisa ba. In rana ta gasa ƙasa, iska mai zafi tana tashi sama tana juyawa, kamar 'yar guguwar da ba a gani. Sai tsuntsu ya shiga cikinta ya buɗe fiffike, ta ɗaga shi can ƙololuwa, sannan ya zamo a hankali zuwa wata ta gaba. Haka suke ƙetare hamada. Amma a kan teku wannan iska ba ta tashi. Shi ya sa dole su nemi inda ruwa ya fi ƙanƙanta, su hau sama iyakar iyawarsu a gefen Maroko, su sako kansu, in tsayin ya ƙare sai kaɗa fiffike. Duk na yammacin Turai nan ne ƙofarsu. In iska daga yamma take, ta kwashe su zuwa wajen Jibralta. In daga gabas take kamar yau, su faɗo kan Tarifa.

Tana cikin magana wani ya yi kira ya nuna teku. Da fari ɗigo-ɗigo na gani, kamar an watsa barkono a kan shuɗin zane. Ɗigon suka girma, suka yi fiffike, suka yi jela mai baki biyu. Shirwa ce. Ba ɗaya ba, ba goma ba, layi ne da ba a ganin ƙarshensa, wasu a sama, wasu ƙasa-ƙasa dab da ruwa. Suka wuce ta kanmu shiru, kusa har ina ganin idonsu. Wasu bakinsu a buɗe don gajiya. Da suka taka sararin tudu sai su fara kewayawa, su taru su yi gungu, iska ta ɗaga su, su miƙe arewa. Shirwar da na sani mai rawayan baki ce, wadda ake kora da ihu in ta sauko kan 'yan tsaki. Wannan 'yar'uwarta ce mai baƙin baki, a ƙasashenmu na Afirka ta Yamma take cin rani, a Turai take ƙyanƙyasa. Tun ina yaro nake jifan shirwa, ban taɓa kallon ta a matsayin matafiyiya ba sai ranar.

Bayansu wasu suka biyo. Akwai wani irin shaho mai ɗan ƙaramin kai kamar na tattabara, wanda abincinsa 'ya'yan rina da zanzaro ne, daga dazuzzukan kurmi yake tasowa, kuma shi ne ke zuwa a ƙarshen wannan ƙaura, ƙarshen Afrilu zuwa Mayu. Akwai farar gaggafa mai cin maciji, mai faffaɗan kai. Akwai wani siriri mai ruwan toka da ke tafiya yana rangaji, wanda matashiyar ta ce a Nijar da kewayen Tafkin Cadi yake yin rani yana cin fara, wato ma'aikacin manomanmu ne da ba a biya. Can kuma sai ka ji wani kuka mai daɗi daga sama, garken tsuntsayen nan masu cin ƙudan zuma, masu launi kamar an rina su. Duk wanda ya wuce, sai in ji ƙas-ƙas a hannunta. Ɗan abin ƙirga ne take latsawa, sak irin carbin latsawa da tsofaffinmu ke sa wa a yatsa. Ta ce akwai wata gidauniya mai suna Migres, tun 1997 ake ƙirga tsuntsayen mashigin nan a ƙarƙashin shirinta, shekara bayan shekara, musamman lokacin komawarsu Afirka. Da haka ake sanin wanda ke ƙaruwa da wanda ke raguwa.

Wajen azahar manyan ungulaye suka taso, abin da ya fi tsaya mini a rai ke nan. Irin na Sifaniya ne, faɗin fiffikensu ya wuce mita 2 da rabi. Ƙananansu kan tafi Senegal da Mali su yi wata da watanni, sannan su dawo gida. Jikinsu ya yi nauyi da kaɗa fiffike, saboda haka teku ita ce babbar abokiyar gabarsu. Guda takwas ne. Bakwai suka iso da ɗan sauran tsayi. Na takwas ya yi ƙasa tun da saura, muna ganinsa yana dukan iska, ya yi sama kaɗan ya sake nutsowa, ƙafafunsa a sake. Tsuntsayen teku farare suka taso masa suna kai masa sura. Matashiyar ta ce in fiffikensa ya taɓa ruwa shi ke nan, kowace shekara ana rasa wasu a haka. Wurin ya yi tsit. Na ji bakina yana ta "Ya Salam, Ya Salam", Mama kuma ta riƙe hannun mijinta. Da ƙyar ya kawo gaɓa, ya faɗi a kan wani dutse ƙasa da mu, ya baje fiffike, baki buɗe. Mutane suka sauke numfashi tare, wasu suka tafa a hankali. Ya fi minti 40 a wurin kafin ya tashi.

Da hankali ya kwanta ta tambaye ni daga ina nake. Na ce arewacin Nijeriya. Sai ta juyo gaba ɗaya, ta buɗe wayarta ta nuna mini hoton wani tsuntsu mai zanen ɓawon kifi a fiffike, ta ce na san wannan? Na ce mikiya ce. Ta ce tun shekarun 1990 ake ganin ɗaiɗaikunta a nan, tana biyo ungulayen Sifaniya in za su dawo, kuma duk ranar da aka ga ɗaya labari ne. Ita ce tsuntsun da aka tabbatar ya fi kowane tashi sama, domin a 1973 wata ta yi karo da jirgin sama a saman Abijan a tsayin mita 11,300. Sannan ta ce a 2015 an sa ta, tare da ƙaramar ungulun nan tamu ta kasuwa, cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa a duniya. Guba da ake sa wa mushe, da farautarsu don sayar da kai da ƙafa ga masu tsibbu, su ne manyan dalilai. Ta tambaye ni, a garinku har yanzu akwai su?

Na buɗe baki in ce akwai, sai na tsaya. Ina yaro, mayankar garinmu ba ta rabuwa da ungulu. Suna jere a kan katanga, suna tsalle-tsalle a bayan mahauta, har sai an kore su da sanda. Muna cewa ungulu ba ta jewar banza. Amma da na lalubi ƙwaƙwalwata, na kasa tuna ranar ƙarshe da na ga ko ɗaya. Sun tafi a gaban idonmu, babu wanda ya ce ina suke. Ayar nan ta cikin Suratun Namli ta faɗo mini, inda Annabi Sulaimanu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya bi tsuntsaye yana dubawa har ya ce me ya sa ba ya ganin alhudahuda. Sarki mai rundunar mutane da aljanu, amma ya lura tsuntsu ɗaya ba ya nan. Mun haddace ayar tun muna makarantar allo. Na ce mata, gaskiya sun yi ƙaranci ƙwarai. Ta rubuta wani abu a gefen takardarta.

Rana ta huɗu Baba da Mama suka ɗauke ni a motar da suka yi haya, na ba da Yuro 15 kuɗin mai bayan sun yi ta ƙi. Muka bi babbar hanyar da ta nufi Kadis. Fankokin lantarki sun rufe duwatsu, kuma Baba ya ce suna kashe ungulaye, shi ya sa aka sa masu gadi da ke tsayar da fanka in sun hango garke ya nufo ta. Muka shiga wani faffaɗan fili da ake kira La Handa. A da tafki ne, ɗaya daga cikin mafiya girma a Sifaniya, aka janye ruwansa a shekarun 1960 aka mai da shi gonaki, yanzu shinkafa da auduga ake nomawa. A nan ne gaurakar Turai ta yi sheƙarta ta ƙarshe a ƙasar, a shekarun 1950. Ina jin haka zuciyata ta koma gida. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ambaliyar da ke ciyar da fadamar Haɗeja da Nguru ta canza, kacala ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoma suna kuka. Tamu gaurakar ma, da kakanninmu ke ba da labarin rawarta, sai a hoto. Bambancin shi ne tamu fadamar har yanzu tana da rai, tasu kuwa sai in an yi ruwan sama mai yawa take dawowa na 'yan kwanaki.

Duk da haka wurin cike yake. Mun wuce wasu bishiyoyi a bakin magudana da suka yi fari fat da balbela, ana ta hayaniyar sheƙa. Jajayen shanu masu manyan ƙahoni suna kiwo, kamar rahajin Fulani, kowace da balbelarta a gindi. Farar shamuwa tana bin bayan motar noma. A kan hanyar ƙasa kuma alhudahuda ya sauka gabanmu ya buɗe tukkunsa, na ce wa Mama ga wanda na ba ki labari jiya. Daga nan muka ƙarasa wani ƙauye a gindin garin Beher, inda a jikin wani dutse, dab da titi da gidajen abinci, wasu baƙaƙen tsuntsaye masu sanƙo da jan dogon baki suke kwance a kan ƙwai. Dangin jinjimi ne. Sun ɓace daga Turai ɗaruruwan shekaru, ragowarsu na daji suna gaɓar Maroko wajen Agadir, sai a 2004 aka fara sakin waɗanda aka raina a wannan yanki, har suka kama wuri. Kowanne da zobe mai lamba a ƙafa.

Da dare na ce sai na ɗanɗani abin da garin ke alfahari da shi. Lokacin kamun babban kifin tuna ne, wanda ke shigowa Bahar Rum daga Atalantika don ya yi ƙwai. Tarkon raga suke kafa masa a teku, tsohuwar dabara mai suna almadraba, kalmar ma daga Larabci take. Yanka ɗaya, gasasshe sama-sama, Yuro 18. Jan nama ne kamar na sa. Ya yi daɗi, amma wanda ya saba da bandar tarwaɗa zai so a ƙara masa wuta da yaji.

Ranar ƙarshe teku ta kwanta, aka fita da mu. Yuro 40, awa biyu. Na tauna citta tun kafin mu tashi, ta kuwa taimaka, don wasu sun sha wahalar amai. A tsakiyar mashigin, tsakanin manyan jiragen dakon kaya masu tsayi kamar unguwa, aka rage gudu. Sai ga dabbobin da ake kira dolfin suna tsere da goshin jirginmu, suna fitowa suna nutsewa. Can gaba muka tarar da wasu baƙaƙe, manya, sun kai mita 5, suna kwance a saman ruwa. Mutanen wurin suna ce musu kalderon, wato babbar tukunya, saboda kansu mulmulalle ne kamar gindin tukunya. Ba kifaye ba ne, numfashi suke da huhu, suna shayar da 'ya'yansu nono kamar ayun da ke kogin Binuwai. Wata uwa ta matso da ɗanta manne a gefenta, ta fesar da numfashi, na ji ƙararsa kamar na saniya a garke da asuba. Ko a nan, da na ɗaga kai, shirwa na wucewa ɗaya bayan ɗaya.

Da la'asar na yi sallama da Baba da Mama. Baba ya ba ni ɗan littafinsa na rubuta abin da aka gani, sabo, da fensir a maƙale. A jirgin komawa, ɗan sandan Maroko yana zaune a wani lungu cikin jirgin, a nan ake bin layi a buga tambarin shiga kafin a sauka. Da na gama na fita baya na tsaya ina kallon Tarifa tana ƙanƙancewa.

A tashar jirgin ƙasa ta Tanja na kira mahaifina a gida. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, yaushe rabonka da ganin ungulu a mayanka?"

Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke. Sannan ya ce, "Kai, ɗan nan, wallahi ka tambaye ni abin da ban taɓa tunani ba. An daɗe. Tun kafin a aurar da yayarka."

Na ce, "Shamuwa fa, ta iso?"

"Ta iso shekaranjiya. Suna kan tsamiyar bayan masallaci, sun fara ɗibar kirare."

"Guda nawa ne, Baba?"

Ya ce bai ƙirga ba, amma gobe in Allah ya kai mu, bayan sallar asuba, zai sa ƙanena ya je ya ƙirgo. Na buɗe shafin farko na littafin, na rubuta Nguru da kwanan wata, na bar gurbin adadin.